Vijay Singh: daga dakatarwa a Jakarta zuwa lamba ɗaya a duniya, ta hanyar Legas

Mu a Adar mutanen kokowa ne, a nan Tawa ma aka yi gasar takobi ta farko a 1975. Don haka na san wani zai ce me ya haɗa malamai da iyayen Bambeye da ƙwallon lambu, wato golf, wasan da yawancinmu sai a talabijin muke gani. Abin da ya haɗa mu tarihin mutum ɗaya ne, Vijay Singh, wanda aka rufe wa ƙofa yana ɗan shekara 22, kuma nan Afirka ta Yamma ce ta sake buɗe masa ita.

A wannan wasa ana buga ƴar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, ramuka 18 a zagaye ɗaya, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Alƙali ba ya bin kowane ɗan wasa sau da ƙafa. Ana rubuta bugun kowa a kati, shi kuma ya duba ya sa hannu. Ke nan wasan kan amana ya tsaya, kuma ba tabon da ya kai a ce mutum ya taɓa katinsa.

An haifi Singh ranar 22 ga Fabrairu 1963 a Lautoka, ƙasar Fiji, tsibirai a tekun Fasifik. Ɗan asalin Indiya ne. Mahaifinsa makanikin jiragen sama ne, kuma shi ya fara koya masa riƙon sanda. Ya shiga wasan a matsayin sana'a a 1982, ya ci gasa a Malesiya a 1984. A 1985, a wata gasa a Jakarta ta Indunusiya, aka zarge shi da rage bugu ɗaya a katinsa don ya tsallake zuwa zagaye na gaba. Ya musanta, amma aka dakatar da shi daga gasannin Asiya.

Daga nan sai ya koma tsibirin Borneo, ya kama aikin koyarwa a wani ƙaramin filin wasa a garin Keningau, nesa da duk inda ake jin sunan ƴan wasa. Mu da samarinmu ke tafiya cin rani Abijan da Legas da zarar an gama girbi mun san irin wannan zama, na baƙunta da tara ƴan kuɗi. Can ya ci gaba da atisaye, har aka san shi daga baya da cewa ba wanda ya kai shi daɗewa a filin gwaji.

A 1988 ya zo Legas ya ci Gasar Nijeriya, a ƙarshen shekarar kuma ya samu shiga gasannin Turai. A 1989 ya sake cin ta Nijeriya, ya haɗa da ta Kwaddebuwa da ta Zimbabuwe, ya kuma ci gasarsa ta farko a Turai, a Italiya. Ya shiga gasannin Amurka a 1993 yana ɗan shekara 30, aka zaɓe shi gwarzon sababbin shiga na shekarar.

Manyan gasanni huɗu ne a wannan wasa. Singh ya ci ta PGA a 1998, ya ci Masters a 2000, ya maimaita PGA a 2004. A 2004 ɗin kaɗai ya ci gasa 9, ya zama na farko da ya tara sama da dala miliyan 10 a kaka ɗaya a Amurka. A watan Satumba ya karɓi lamba ɗaya ta duniya daga hannun Tiger Woods, wanda ya yi mako 264 a jere yana riƙe da ita. Lokacin Singh na da shekara 41. Cikin gasanni 34 da ya ci a Amurka, 22 bayan ya cika shekara 40 ya ci su.

Ban kawo wannan tarihi don a ce kuskure ba komai ba ne. Singh ya ɗanɗani hukuncin, kuma zargin ya bi shi shekaru ko da ya yi suna. Abin da nake so mu duba shi ne yadda muke yi wa yaron da aka kama da satar amsa, ko wanda ya faɗi jarrabawar BEPC, ko wanda aka kora daga makaranta. Sau da yawa malami ya wanke hannunsa, uba ya ce ya bi ƴan uwansa cin rani, shi ke nan an rufe littafinsa yana ɗan shekara 15. Alhali hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Shawarata ga malamai, in an hukunta yaro a faɗa masa ranar da hukuncin zai ƙare da abin da zai yi ya dawo. Iyaye kuma, in karatun boko ya ƙi a bana, a nema masa maimaita aji ko wurin koyon sana'a kafin ya hau mota. Tsakanin Jakarta da lamba ɗaya shekara 19 ne, kuma a 1985 ba wanda ya hango hakan. Allah Ya shirya mana zuri'a.