Daga Ina Muka Samo "Ɗan Bariki"?

Kwanakin baya a makarantarmu da ke Rogo Sabon Gari muka raba wasu ɗalibai biyu suna dambe. Da muka bi ba'asi, sai muka tarar ɗaya ne ya ce wa ɗaya ɗan bariki, don kawai an haife shi a Legas inda mahaifinsa yake aikin gadi. Da muka tambayi mai zagin ma'anar bariki, sai ya yi tsuru-tsuru. Mu ma marubuta, mu nawa ne za mu iya amsawa?

Kalmar dai ba Bahaushiya ba ce. Aro muka yi daga Ingilishi, inda take nufin mazaunin soja. Su ma Ingilishi a ƙarni na 17 suka karɓo ta daga Faransanci, shi kuma ya samo ta daga wajen mutanen Sifen, inda asalin ma'anarta bukka ce. Babu ɗigon batsa a cikinta.

Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sai suka kafa mazauninsu da na sojojinsu a bayan ganuwa. Nan ne bariki na farko a bakin Kanawa. Daga baya sunan ya bi masaukin da Di'o yake sauka in ya fito rangadi garuruwan hakimai irin su Ƙaraye, wanda talakawa ne suke ginawa, su kuma kai kaji da ƙwai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin baƙi, ta kuma yi shekaru ba ta ƙarƙashin hukuncin Sarki.

To, a nan ne ma'ana ta juya. Kuku da boyi da masinja da tafinta suna cin albashi nesa da idon iyaye da na alƙali. Giya da caca da mata masu zaman kansu suka samu gindin zama a gefen soja. Mutanen gari suka haɗa kowa suka yi musu kuɗin goro: namiji ɗan bariki, mace 'yar bariki, halinsu kuma barikanci. Har aka yi karin magana cewa bariki lahirar makwaɗaita.

Saboda haka zagin nan yana ɗauke da haushin da kakanninmu suka ji na mulkin mallaka, amma ya sauka a kan talakan da ya fita neman abinci, kamar mahaifin yaron nan namu. A littattafan soyayya da yawa, da zarar an ce yarinya ta shiga bariki, an gama yanke mata hukunci, ba a tambayar abin da ya fitar da ita daga gida. Muna roƙon 'yan'uwa marubuta, kafin mu ɗora wa wani tauraro wannan suna, mu fara ba mai karatu labarin abin da ya kai shi can. Allah Ya sa mu gane.