Daga Wagadugu zuwa Bakin Kainji: Waiwaye Kan Kambun Finafinan Yanki



Da an ce kambun fim, abin da ke faɗo mana a rai shi ne jarumi riƙe da kofi a wani otal na Kano ko Abuja. Amma karrama finafinan yankinmu na Afirka ta Yamma ta girmi Kannywood da kusan shekara 20, kuma wanda ya fara cin babban kambun ɗan bakin kogin Kwara ne kamar mu.

Sunansa Oumarou Ganda, Bazabarme, haifaffen Yamai a 1935. Ya yi wa Faransa aikin soja a yaƙin Indocina, ya dawo ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, inda Bafaranshen nan mai shirya fim, Jean Rouch, ya gamu da shi ya saka shi a fim. Daga baya Ganda ya kama kyamara da kansa. Fim ɗinsa Cabascabo labarin tsohon soja ne da ya dawo gida da kuɗi, abokai suka taya shi cinyewa suka watse. Duk wanda ya ga yadda mutane ke kewaye matashin da ya samo kuɗi a wurin haƙar zinari, ya san wannan labarin ba sai an fassara masa ba.

An fara bikin FESPACO a Wagadugu a 1969, amma sai a 1972 aka mayar da shi gasa. Ganda ne ya cinye, da Le Wazzou Polygame, labarin wani Alhaji da ya dawo daga Makka ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, auren ya ƙare da zubar da jini. Ku lura, bai je aro labarin wata ƙasa ba. Rigimar kishiyoyi ce ta cikin gida, da harshen gida, ita ta kai shi. Bayan rasuwarsa a 1981 aka sa sunansa a kambun da ake ba wanda ya fi iyawa a fim ɗinsa na farko.

A wajenmu abin ya bi wata hanya. An yi Shaihu Umar a 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sai Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, wanda ya buɗe kasuwar kaset. A ƙarshen shekarun 1990 mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ta raɗa sunan Kannywood, mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fito a 1999. Bukukuwan karramawa sun yi ta zuwa suna wucewa, har da wanda kamfanin MTN ya ɗauki nauyi a 2013. A ganinmu yawancinsu fuska suka fi karramawa: jarumi, jaruma, mawaƙi. Marubucin labari kuwa, ko an kira sunansa, lokacin mutane sun fara neman takalmansu.

Abubuwa sun ɗan sauya. A 2018 Abdulkareem Mohammed ya fara bikin KILAF a Kano, domin finafinan da aka yi da harsunan Afirka na gado. A 2020 The Milkmaid, wanda yawancinsa da Hausa aka yi shi, ya ci kambun fim mafi kyau a gasar AMAA, Maryam Booth ma ta samu nata. A 2024 Nijeriya ta zaɓi Mai Martaba ya wakilce ta a gasar Oscar.

To, ina mu mutanen bakin ruwa a cikin wannan lissafi?

Akwai wani misali daga Amurka da ya daɗe yana tsaya mana a rai. A 1969, a wani ƙaramin gari mai suna Whitesburg a jihar Kentaki, cikin tsaunukan Afalaciya, aka buɗe cibiyar da ta zama Appalshop. Yanki ne na masu haƙar kwal, wanda mutanen birni ke kallo a matsayin ƙauyawa marasa wayewa. Sai aka miƙa wa matasan wurin kyamara, suka shiga ɗaukar iyayensu: ma'aikatan rami, makaɗa, tsofaffin mata. A 2022 ambaliya ta shiga ma'ajiyarsu ta lalata kaya da yawa, amma dai akwai abin da ruwan ya tarar.

Shekara ɗaya kafin a buɗe waccan cibiya, a 1968, aka kammala madatsar Kainji. An tayar da mutane kimanin 44,000, tsohuwar Bussa ta nutse, Gungawa suka bar tsibiran da suka gada suka koma gidajen da gwamnati ta gina musu a tudu. Wannan kaɗai ya isa fim goma. Ga Sarkawa da taru da birgi, ga Kambari, ga Rigata ta Yawuri, ga jirgin da ya kife kusa da Warra a watan Mayun 2021 aka rasa rayuka masu yawa. Duk da haka, in ka je wurin masu tura fim a waya ranar kasuwar Warra, falon attajirin Kano za ka kalla, da mota, da lambun rawa. Mu ma da muke rubutu a nan, sau nawa muka kai jarumarmu Dubai alhali ba mu taɓa saka ta a kwale-kwale ba?

Ba laifin Kano ba ne, su nasu suke bayarwa. Alƙalan KILAF ba za su karrama labarin da ba a rubuta ba, kuma darakta ba zai zo Ngaski ko Shanga ba sai ya ga takarda a hannu. Masu ba mu labarin kuma suna ƙarewa. Yaron da yake da shekara 10 lokacin da ruwa ya taso ya cinye gonar albasar ubansa, yau ya doshi 70.