Tsara ƙa'idojin buga lamba a tarhon tebur mai aiki da intanet

Tarhon biro mai aiki da intanet yana tara lambobin da kuka danna, ya gwada su da wani jeri da aka rubuta masa, sannan ya aika kiran. Wannan jeri shi ne ƙa'idojin buga lamba. Idan babu su, ko an rubuta su ba daidai ba, tarhon zai yi ta jira, ko ya ƙi kiran gaba ɗaya.

Inda ake rubuta su

Ku nemi adireshin IP na tarhon a allonsa, ku rubuta shi a kwamfutar da ke haɗe da layin biron, ku shiga shafin mai kula. Kowane kamfani da salon rubutunsa. Misalin da ke ƙasa na tarhon Cisco ne samfurin SPA.

Ma'anar alamomi

x: kowace lamba daga 0 zuwa 9.
[2789]: ɗaya daga cikin waɗannan huɗu.
Ɗigo: lambar da ta gabace shi tana iya maimaituwa.
S0: a aika kiran nan take.
|: shinge tsakanin ƙa'ida da ƙa'ida.

Misali don biro a Nijar

(17S0|18S0|3xxS0|[2789]xxxxxxxS0|00234x.)

Biyun farko na ƴan sanda ne da masu kashe gobara. Ta uku ta layukan cikin gida ce, daga 300 zuwa 399. Ta huɗu ta lambobin ƙasa ce, masu alƙaluma 8. Ta ƙarshe tana ba da damar kiran Nijeriya, ga biron da ke hulɗa da Katsina ko Kano. Sauran ƙasashe kuwa tarhon ba zai kira su ba, tunda ba a rubuta su ba. Ta haka ake tsare kuɗin ma'aikata.

Hattara

Kada ku ba ma'aikaci layin cikin gida da ya fara da 17 ko 18. Mai neman 175, da zarar ya danna 1 da 7, kiran ya tafi wurin ƴan sanda. Haka kuma kada ku cire waɗannan lambobi biyu: ranar gobara babu lokacin gyara.

Kafin ku canza komai, ku kwafe tsohon jerin a takarda. Bayan kun adana sabon, ku gwada layin cikin gida, da salula, da kiran waje. Ku kuma tambayi mai ba ku layin intanet ko kiran 17 da 18 yana isa ta hanyarsa. Idan ba ya isa, ku ajiye salula kusa da tarhon.