Tarihin binciken damuwa da giya a jikin dabbobi



Yau hirarmu ta tarihi ce. Sau da yawa mukan ji mashayi yana cewa: "Damuwa ce ta yi mini yawa, shi ya sa nake sha." Shin giya tana maganin damuwa? Masana sun fi shekara 100 suna neman amsar wannan tambaya. Ba a iya buɗe kan mutum mai rai don a yi gwaji. Saboda haka suka koma ga dabbobi: karnuka, kyanwoyi, ɓeraye, birai, har da ƙudaje. Ga yadda abin ya gudana.

Mu fara da ƙasar Amurka. Akwai wani likita mai suna Walter Cannon a jami'ar Harvard. Yana kallon cikin kyanwa da na'urar hoton ƙashi, don ya ga yadda abinci yake narkewa. Sai ya lura da wani abu. Duk lokacin da kyanwar ta tsorata ko ta fusata, sai cikinta ya daina motsi. Ya bi diddigi. Ya gano cewa wata ƴar tsoka da ke bisa kowace ƙoda tana zuba wani sinadari cikin jini. Sunansa adiranalin. Shi ne yake sa zuciya ta buga da sauri, jiki ya shirya faɗa ko gudu. Cannon ya buga littafi a kan wannan a shekarar 1915.

Sai ƙasar Rasha. Can akwai Ivan Pavlov, mai aiki da karnuka. Ya saba musu da wata ƙara kafin a ba su abinci. Da sun ji ƙarar, sai miyau ya zubo musu. A watan Satumba na 1924 aka yi babbar ambaliya a birnin Leningrad. Ruwa ya shiga ɗakin karnukan, saura kaɗan su nutse. Da ƙyar aka fid da su. Bayan haka, wasu daga cikinsu suka manta abin da aka koya musu. Da aka jima, aka gwada zuba ɗan ruwa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin wani kare. Nan take ya sake firgita. Ashe tsoro guda ɗaya mai tsanani yana iya sauya halin dabba na dogon lokaci.

A shekarar 1936, wani matashin likita mai suna Hans Selye yana gwaji da ɓeraye a birnin Monreyal na ƙasar Kanada. Wasu ya yi musu allura mai cutarwa. Wasu ya sa su cikin sanyi. Wasu ya sa su gudu har suka galabaita. Wahalar ta sha bamban, amma alamomin iri ɗaya ne. Tsokar da ke bisa ƙoda ta kumbura. Sassan da ke taimakon jiki yaƙi da cuta sun tsuke. Gyambo ya fito a cikin ciki. Daga nan likitoci suka fara ɗaukar damuwa a matsayin abin da yake cin jiki, kamar yadda gara take cin azara.

To, ina giya ta shigo? A shekarar 1946, a birnin Shikago, Jules Masserman da abokin aikinsa suka koya wa kyanwoyi buɗe wani akwati don su ci abinci. Da suka saba, sai aka riƙa busa musu iska mai ƙarfi a fuska lokacin da za su ci. Kyanwoyin suka rikice. Ga yunwa, ga tsoro. Suka ƙi kusantar akwatin. Sai aka ba su madara mai ɗan barasa a ciki. Da suka sha, tsoro ya ragu, suka koma cin abinci. Daga baya aka ajiye musu madara iri biyu, mai barasa da marar barasa. Wasu daga cikinsu suka zaɓi mai barasa. Amma da aka raba su da tsoron, sai suka koma ga madara zalla.

Wannan gwaji ya nuna rabin gaskiya. Lalle giya tana danne tsoro na ɗan lokaci. Sauran rabin sai da aka shiga cikin ƙwaƙwalwa kafin a gan shi.

A shekarar 1954, James Olds da Peter Milner suka sa wata siririyar waya a ƙwaƙwalwar ɓera. In ɓeran ya taka wani ƙarfe, sai ɗan lantarki ya taɓa wurin. Ɓeran ya yi ta takawa babu ƙaƙƙautawa. Ta haka aka gano cewa akwai wurin jin daɗi a cikin ƙwaƙwalwa. A 1988, masana biyu a ƙasar Italiya, Di Chiara da Imperato, suka nuna cewa giya tana ƙara wani sinadari mai suna dofamin a wannan yanki na ƙwaƙwalwar ɓera. Shi ne yake sa dabba ta so ta maimaita abin da ta yi.

Akwai kuma sinadarin damuwa. A shekarar 1981, Wylie Vale da abokan aikinsa a Kalifoniya suka tace shi daga ƙwaƙwalwar tumaki dubbai masu yawa. Ana kiransa CRF. Shi ne kamar mai shela. Ƙwaƙwalwa ta sake shi, saƙo ya bi jini har zuwa tsokar nan ta bisa ƙoda, jiki duka ya tashi tsaye. A 1984, Catherine Rivier ta nuna cewa giya da kanta tana tayar da wannan saƙo a jikin ɓera. Kun ji abin mamaki: abin da ake sha don gudun damuwa, shi ma yana kunna ta.

Daga shekarun 1990, George Koob da abokan aikinsa suka bincika ɓerayen da jikinsu ya saba da giya. Da aka hana su, sai CRF ya hau a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro. Ɓerayen suka shiga fargaba. Da suka sake samun giya, suka sha fiye da da. Da farko ɓera yana sha don daɗi. Daga baya yana sha don ya tsere wa azabar rashinta. Kamar mai cin bashi ne don ya biya bashi: kullum ramin ƙara zurfi yake yi.

Reno ma yana da nasa rabo. A 1991, Dee Higley da abokan aikinsa a Amurka suka gwada birai kashi biyu. Kashi ɗaya sun tashi tare da uwayensu. Kashi na biyu an raba su da uwa tun suna jarirai, sun tashi cikin tsararsu. Da suka girma aka ba su abin sha mai barasa. Waɗanda suka tashi babu uwa suka fi sha. Su ma masu uwa, da aka ware su daga ƴan uwansu, shansu ya ƙaru. A 2012 kuma aka ga irin haka ga ƙananan ƙudaje masu bin ƴaƴan itace. Mazan da mata suka ƙi, sun fi sauran zaɓen abinci mai barasa.

Sai dai mu yi hattara, jama'a. Ɓera ba mutum ba ne. An haɗa magunguna masu toshe CRF, suka rage shan ɓeraye. Da aka gwada su ga mutane a shekarun 2015 da 2016, ba su yi aiki ba. Amma wani magani mai suna naltrexone, wanda ya rage shan dabbobi, ya taimaki wasu mutane. Amurka ta yarda a ba mashaya shi a 1994.

Me za mu ɗauka daga wannan tarihi? Na ɗaya, giya tana ɓoye damuwa na ƴan awoyi, sannan ta mayar da ita da riba. Na biyu, wanda giya ta kama, ƙwaƙwalwarsa ta sauya, yana bukatar taimako. In ya daɗe yana sha da yawa, ya ga likita kafin ya bari, domin bari farat ɗaya yana iya kawo makyarkyata da farfaɗiya, har ma da mutuwa. Na uku, kaɗaici yana ƙara sha. Kada mu gudu mu bar ɗan uwanmu shi kaɗai. Mu ja shi a jiki, mu saurari abin da yake damunsa, mu raka shi asibiti. Yaro kuma a ba shi kulawa tun yana ƙarami, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

In kun haɗu a aji, ku tattauna wannan tambaya da malaminku: a garinku, ina mai damuwa yake zuwa ya sami mai saurarensa?