Daga Akra Zuwa Faskari: Ina Mata a Zaman Sulhu?

A watan Yulin 2003, Janar Abdulsalami Abubakar yana birnin Akra na Ghana a matsayin mai shiga tsakani na ƙungiyar ECOWAS, yana neman sasanta shugabannin yaƙin Laberiya. An yi makonni ana zama, ana ci ana sha a otel, mutane kuwa suna mutuwa a Monrobiya. Sai wasu mata sanye da fararen kaya suka zo suka zauna dirshan a ƙofar zauren, suka sarƙe hannuwa, suka ce babu mai fita sai an daidaita. Da jami'an tsaro suka nufo jagorarsu Leymah Gbowee, sai ta yi barazanar tuɓewa, abin da ko mu nan Hausa mun san nauyinsa idan uwa ta yi shi. Janar ɗin bai bari a kore su ba. Ranar 18 ga Agusta aka sa hannu a yarjejeniya. Matan nan Musulmi ne da Kirista.

Kafin nan da shekara uku, ranar 31 ga Oktoban 2000, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325, wanda ya ce a sa mata a duk wani zaman sasanci. Najeriya ta fito da nata tsarin aiwatarwa a 2013, ta sabunta shi a 2017.

Amma mu ba a Niyok muka fara koyon wannan ba. Tun shekarun 1830, lokacin da yaƙe-yaƙe suka bar zawarawa da marayu da kamammun mata a ƙasar Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru. Takan naɗa wa jaji, wato jagorar mata, malfa da jan ƙyalle, ta tura ta ƙauyuka ta karantar da mata. Da haka aka ɗinke jama'ar da takobi ya raba.

A ƙasarmu ta Funtuwa da Malumfashi ma, dattawa sun san wadda ta riƙe zumunci tsakanin ruga da gari. Mai tallar nono ce. Da hantsi za ta shigo da ƙwarya a ka, ta sauke a tsakar gida, matar gida ta dama fura, a yi musayar nono da hatsi, a yi hira. A nan ake jin shanun wa suka shiga gonar audugar wa, kafin maganar ta kai wurin mai unguwa ko arɗo. Sau da yawa a nan wutar take mutuwa. Ranar da tsoro ya hana Bafillatana shiga kasuwa, ranar aka datse wannan hanya, kuma ina ganin asarar ta fi yadda muke lissafawa.

A watan Satumban 2019 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya shiga yankunan Sabuwa da Faskari ya zauna da 'yan bindiga. Duk wanda ya ga hotunan zaman zai tuna: manyan riguna, kaki, rawuna, bindigogi a kafaɗa. Maza zalla. Sulhun bai yi ƙarko ba. Ranar 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida, iyaye mata kuwa su ne suka yini a bakin ƙofar makarantar suna kuka. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi.

Matar da ta sayar da akuyarta da buhun masararta don kuɗin fansa ta san ciwon abin, haka ita ma wadda aka ƙone wa ruga. Kuma kowane mai riƙe da bindiga a daji uwa ce ta haife shi. Kirana ga hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin kudancin Katsina shi ne, duk ranar da za a sake shimfiɗa tabarmar sulhu, a aika wa matan gari da matan ruga goron gayyata, a ba su dama su yi magana.