Cikin Tagwaye a 'Yargalma: Girman 'Ya'ya, Daskarewar Jini da Tsohuwar Gubar Dalma

Likitan mata da ke duba mai cikin tagwaye a watanni biyun ƙarshe yakan sa ido a kan lambobi biyu. Ta farko ita ce nauyin kowane ɗa kamar yadda hoton ciki ya ƙiyasta, da tazarar da ke tsakanin nauyin biyun. Ta biyu ita ce yawan filatilet, wato ƙananan ƙwayoyin nan da ke taruwa su toshe bakin jijiya idan ta tsage har jini ya daskare. A asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ana iya samun lambobin nan cikin wuni guda. A 'Yargalma da ke ƙaramar hukumar Bukkuyum, da takwarorinta na ƙasar Anka da Gummi, lamarin ya sha bamban. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai na matan Zamfara suke ganin ƙwararre a wurin awo, kuma kusan ɗaya cikin goma ce ke haihuwa a asibiti. Mace da yawa sai ungozoma ta karɓi na farko, ta ga ciki bai saɓe ba, sannan a san 'yan biyu ne.

Hujjata a nan ita ce: tsumburewar ɗaya daga cikin tagwaye da raguwar filatilet a jinin uwa, idan suka zo tare, galibi alamu ne na ciwo guda, wato gazawar mabiyiya da hawan jinin da ke biyo bayanta. Shi kuwa hawan jini ana iya auna shi a ɗakin shan magani na ƙauye. Saboda haka rashin na'urar ƙirga ƙwayoyin jini a 'Yargalma bai isa uzurin barin matan nan ba. Sannan tarihin garin ya ɗora musu wani ƙarin haɗari da ya kamata tsarin awo ya yi la'akari da shi.

A fara da girma. Tagwaye sukan tafi kafaɗa da kafaɗa da ɗan tilo har zuwa wajen mako na 28 zuwa 32, daga nan girmansu ya fara ja baya, domin mahaifa ɗaya ce ke ciyar da baki biyu. Wannan jinkiri shi kaɗai ba cuta ba ne. Abin da ake tsoro shi ne ɗaya ya bar ɗan'uwansa a baya da nisa. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2019 ta ce idan tazarar nauyi ta kai kashi 20 cikin 100 a ƙara yawan dubawa, idan ta kai 25 kuma ƙaramin ya faɗi ƙasa da mizani a tura uwar babban asibiti. Ta kuma bambanta tagwayen da kowane ke da mabiyiyarsa, waɗanda ake yi wa hoto duk mako huɗu a karɓi haihuwarsu a mako na 37, da masu tarayya a mabiyiya guda, waɗanda ake dubawa duk mako biyu tun daga mako na 16 a karɓe su a mako na 36. Na biyun sun fi haɗari, domin jijiyoyinsu na haɗe, jini kan malala daga ɗaya zuwa ɗaya. Wannan bambanci na mabiyiya kuwa a tsakanin mako na 11 da na 14 ya fi fitowa sarai a hoto, lokacin da mai cikin fari a ƙasarmu ko uwarta ba ta yarda ta faɗa wa ba saboda kunya.

Tef ɗin da ma'aikaciyar awo ke shimfiɗawa a kan ciki yana da amfani ga ɗan tilo, amma ga tagwaye jimilla kawai yake bayarwa. Hassan na iya cika ciki alhali Husaini yana ramewa a bayansa, tef ya ce lafiya lau. Amfaninsa a nan ɗaya ne, kuma babba ne: idan tsayin ciki ya zarce watanninsa, a zargi 'yan biyu a tura hoto.

Batun filatilet ya fi rikitar da mutane, har da ma'aikatan lafiya. Mizanin mai lafiya shi ne 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita ta jini. Ciki da kansa yana rage su, domin ruwan jini na ƙaruwa, saifa da mabiyiya kuma suna riƙe wasu. Wani bincike da Jessica Reese da abokan aikinta suka yi a Oklahoma ta Amurka, aka buga a 2018, ya gano cewa kashi 9.9 cikin 100 na matan da cikinsu ba shi da wata matsala suna ƙasa da 150,000 a lokacin haihuwa, kuma masu tagwaye sun fi masu ɗa ɗaya raguwa tun daga farkon ciki har ƙarshe. Irin wannan raguwa ita ce mafi yawa, kusan kashi uku cikin huɗu na duk abin da ake gani, ba ta cutar da uwa ko ɗa, takan kuma warware da kanta bayan an sauka. Amma binciken ya nuna wani abu da ya fi wannan muhimmanci: kashi ɗaya cikin 100 ne kacal na lafiyayyun suka sauka ƙasa da 100,000. Duk wadda ta gangara ƙasa da nan, a nemi dalili.

Dalilin da ya fi kisa shi ne hawan jinin masu juna biyu, wanda idan ya ta'azzara yake kai wa ga jijjiga. Tagwaye na ninka haɗarinsa sau biyu zuwa uku. Asalinsa mabiyiya ce da ba ta kafu da kyau ba, sai ta kasa wadatar da ɗa, ya tsumbure, ta kuma riƙa sakin abubuwan da ke ɓata bangon jijiyoyin uwa, filatilet su yi ta liƙewa a wuraren da suka ɓaci har su ƙare. Mafi munin nau'insa shi ne wanda Louis Weinstein ya raɗa wa suna HELLP a 1982: jajayen ƙwayoyin jini su farfashe, hanta ta taɓu, filatilet su zube. Mai wannan ciwo takan zo da zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a bakin ƙirji, da tashin zuciya, abin da cikin sauƙi ake kira gyambon ciki a ba ta maganin alsa ta koma gida. Maganinsa na gaskiya shi ne a raba ta da cikin.

Littattafan Turai sukan tsaya a nan su ƙara da ciwon da garkuwar jiki ke cinye filatilet. A yammacin Zamfara dole a sa zazzaɓin cizon sauro a sahun gaba, domin yana cikin manyan masu rage filatilet, yana kuma maƙalewa a mabiyiya ya hana ɗa girma. Ƙarancin sinadarin folik ma na yin haka, kuma mai tagwaye ta fi buƙatarsa. Ke nan macen da ta zo da damina da ƙaramin ɗa da ƙarancin filatilet tana iya ɗauke da ciwo biyu a lokaci guda, kuma samun ƙwayar maleriya a jininta bai wanke ta daga hawan jini ba.

Sai abin da ya keɓanta da 'Yargalma. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da mace-macen yara da suka wuce hankali a ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Musabbabin shi ne duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma da ake dakawa a turmi, a niƙa, a shanya a tsakar gida. Binciken da cibiyar CDC ta Amurka ta yi da hukumomin Najeriya a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya samu cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, kuma kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka gwada suna da dalma da ta kai maikirogiram 45 a desilita ko fiye, matakin da ake fara maganin fitar da guba. An ƙiyasta yara wajen 400 ne suka rasu a yankin. An kankare ƙasar gidaje a 2010, aka yi na ƙauyen Bagega a 2013, MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022.

Hankali ya karkata ga yara ƙanana, kuma daidai ne, su ne ke mutuwa. Sai dai dalma ba ta barin jiki don an share tsakar gida. A jikin baligi fiye da kashi 90 cikin 100 nata a ƙashi take kwanciya, ta shekara goma ko ashirin. Ƙashin kuwa rumbu ne: idan ɗan da ke ciki ya buƙaci kalsiyam, uwa daga nan take ɗiba, dalmar ta biyo ta. Ɗa guda kan tara wajen giram 30 na kalsiyam, kashi 80 cikin 100 a watanni ukun ƙarshe, mai tagwaye kuwa ninki biyu ake nema a wurinta. Dalmar da ta fito tana ratsa mabiyiya ta shiga ɗa, an kuma danganta ta da ƙarancin nauyin jarirai da hawan jinin ciki. Matan da suka yi dakan duwatsun nan suna amare ko 'yan mata har yanzu suna haihuwa. Yaran mata da suka tsira a 2010 sun haura shekara 15, wasu sun kai 20, shekarun aure da goyon ciki ke nan a karkarar Zamfara.

Mai suka zai ce dalma ba ta cikin sanannun abubuwan da ke rage filatilet, ƙarancin jini take jawowa. Gaskiya ne, kuma ba na da'awar akasin haka. Hanyarta ta bayan fage ce, ta hawan jini. Zai kuma iya cewa ƙashin yaro na sabuntuwa yayin da yake girma, don haka 'yan 2010 sun zubar da kaso mai yawa. Wannan ma haka ne, kuma shi ya sa gwaji ya fi zato. Amma haƙar zinariya ba ta tsaya ba ko a lokacin haramcin da gwamnatin tarayya ta sa daga 2019 zuwa ƙarshen 2024, ga kuma tozalin dutse da cin farar ƙasa da wasu masu ciki ke yi, waɗanda duk hanyoyi ne na shigar dalma. Abin da ke ƙarfafa matsayina shi ne arhar rigakafin. Gwajin da aka yi a birnin Meziko, aka buga a 2009, ya nuna cewa miligiram 1,200 na kalsiyam a kullum ya rage dalmar jinin masu ciki da wajen kashi 11 cikin 100. Wannan kalsiyam ɗin dai shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bai wa masu ciki a inda abinci ba ya wadatar da shi, don rage hawan jini. Ƙwaya ɗaya, aiki biyu.

To me za a iya yi ba tare da babban ɗakin gwaji ba? Hoton ciki ɗaya kafin mako na 24, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016, ya isa ya tona tagwaye. Daga nan sai asfirin ƙarami tun daga mako na 12 ga wadda likita ya ga ta cancanta, da kalsiyam, da maganin ƙarin jini, da Fansidar duk wata daga mako na 13, da awon hawan jini da gwajin fitsari a kowane zuwa. Awon da ya kai 140 bisa 90 gargaɗi ne, 160 bisa 110 kuwa na gaggawa ne. Madubin da ake duba maleriya da shi yana iya ba da ƙiyasin filatilet idan an horar da mai gwajin. Allurar magnesiyam salfet ta riga ta nuna ƙarfinta a arewa: da aka shigar da ita manyan asibitoci goma na jihar Kano a 2008, mace-macen masu tsananin hawan jini da jijjiga sun sauka daga kashi 20.9 zuwa 2.3 cikin 100.

Akwai iyaka, kuma a nan ne lambar filatilet ke da ranarta. Likitan sa barci yana son filatilet su kai 70,000 kafin ya yi allurar ƙashin baya, mai fiɗa yana son 50,000 kafin ya tsaga ciki. Ledar filatilet zalla kwana biyar take yi, a zafin digiri 20 zuwa 24, ana girgiza ta dare da rana, abin da ƙaramin asibiti mai fama da wuta ba zai iya riƙewa ba. Abin da zai samu shi ne sabon jinin 'yan'uwa da aka ɗiba nan take. Ga shi mahaifar da tagwaye suka buɗa takan yi nawar tsukewa bayan haihuwa, zubar jini ya biyo baya ko da filatilet na nan daidai.

Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya nuna cewa babban abin da ya raba matan da suka rayu da waɗanda suka mutu shi ne ko sun yi awo ko kuwa sai da abu ya ɓaci aka kawo su. A yau hanyoyin Anka da Bukkuyum sun ƙara wa wannan darasi nauyi, domin ba kowane direba ke yarda ya fita da dare ba saboda 'yan bindiga. Mai tagwaye daga 'Yargalma bai kamata ta jira naƙuda a gida ba. Tun daga mako na 34 ko 35 ya dace ta tare a gidan dangi kusa da asibitin da ke fiɗa da ƙarin jini, a Bukkuyum ko Gummi ko Anka, wadda aka ga tazara a hotonta ko awonta ya hau kuma ta wuce Gusau ko Sakkwato. Wannan shawara ta maigida ce da surukai, don haka da su ya kamata ma'aikaciyar awo ta yi maganar tun ranar da hoto ya nuna kai biyu, a kuma gwada jinin mutum biyu ko uku daga dangi a san wanda zai bayar. A katin awon duk macen da ta tashi a 'Yargalma, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza ko Bagega, a ƙara tambaya ɗaya: an taɓa dakan dutse a gidanku? Wadda ta ce e, a gwada dalmar jininta a zuwan farko, a sake a wata na bakwai.