Azumi a lokacin zafi: Abin da ya kamata a sani game da ruwan sanyi da abincin buɗa-baki

Daga ƙarshen watan Fabrairu zuwa Afrilu, zafin rana a Suleja da kewayenta a Jihar Neja yakan haura maki 35 a ma'aunin Salshiyos. A 2024 da 2025 azumin Ramadan ya faɗo cikin wannan lokaci, inda mai azumi ke shafe awa 13 zuwa 14 bai sha ruwa ba. Dubban mazauna garin da ke aiki a Abuja kuwa, sau da dama a cunkoson hanyar Zuba da Madalla magariba ke riskar su, kuma abin da 'yan talla suka miƙo ta tagar mota, da shi ake buɗa-baki.

Tambayar da aka fi yi a irin wannan yanayi ita ce ko ruwan sanyi na da illa ga mai azumi. Ga mai ƙoshin lafiya, sanyin kansa ba shi ne abin damuwa ba. Abin dubawa shi ne sukarin da ke cikin abin shan, da tsabtar ruwan da aka yi shi, da kuma yadda aka rarraba shansa a cikin dare.

Azumi iri biyu

Akwai azumin ibada, kamar na Ramadan, da nafilolin Litinin da Alhamis, da Sitta Shawwal, wanda ba ci ba sha daga alfijir zuwa faɗuwar rana.

Akwai kuma tsarin taƙaita lokutan cin abinci da wasu ke bi domin rage ƙiba. Mafi shahara shi ne na 16:8, wato a bar abinci na awa 16, a ci cikin awa 8. Sai na 5:2, wanda likitan Birtaniya Michael Mosley ya yayata a wani shirin BBC a 2012, inda ake cin abinci yadda aka saba kwana biyar, a rage shi sosai kwana biyu a mako.

A wannan tsari na biyu ba a hana shan ruwa ba, ko shayin da ba madara ba sukari. Don haka mai bin sa ba shi da dalilin zama da ƙishirwa cikin zafi. Sai dai zoɓo mai sukari, da kunu, da lemon kwalba duk abinci ne a lissafin tsarin, ko da sun fito daga firiji.

Sanyi da ƙishirwa

Babu hujjar likitanci da ta tabbatar cewa ruwan sanyi na daskarar da kitse a ciki, kamar yadda ake yaɗawa. Abin da aka sani shi ne kwankwaɗar ruwa mai ƙanƙara da sauri na iya jawo ɗan gajeren ciwon kai, ya kuma dami mai ciwon haƙori.

Illarsa ta ɓoye ita ce yana kashe ƙishirwa da wuri, tun jiki bai samu abin da ya rasa ba. Mutum ya sha leda ɗaya ya ji ya ƙoshi, alhali gumin yini ya kwashe fiye da haka. Haka kuma ɗura ruwa mai yawa lokaci guda ba ya amfani, domin ƙoda za ta fitar da rarar a fitsari. Ruwan randa mai matsakaicin sanyi, a riƙa sha kaɗan-kaɗan daga magariba har sahur, ya fi. Ledar fiya wota rabin lita ce, ke nan leda huɗu zuwa biyar sun kai lita biyu zuwa biyu da rabi. Mai aikin ƙarfi a rana, kamar birkila ko ɗan acaɓa, na buƙatar fiye da haka.

Sukari

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini. Ga babba, wannan kimanin giram 50 ne, wato ƙananan cokula 12. Kwalba ɗaya ta rabin lita ta lemon da aka saba sha na iya cinye wannan kason gaba ɗaya. A Najeriya, Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 kan kowace litar irin waɗannan lemuka.

Abubuwan shan gida kamar zoɓo, kunun aya, lamurje da ruwan tsamiya sun fi, idan mai haɗawa ya sassauta hannu wajen sukari. Sanyi na dushe zaƙi a baki, shi ya sa zoɓon da ya daskare yakan ɗauki sukari fiye da yadda mai sha ke zato.

Ƙanƙara da tsabta

Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin kwalara da taifot. Idan da gurɓataccen ruwa aka yi ƙanƙara, cutar na nan har ta narke cikin kofi. Abin da ya fi shi ne a jera kwalabe a rufe cikin kula tare da ƙanƙarar, maimakon a fasa ta a jefa cikin abin sha. A duba lambar NAFDAC a jikin ledar ruwa, a kuma yi hattara da tsofaffin robobin da ake sake cikawa.

Kunun aya na saurin lalacewa in an ɗauke wuta firiji ya huce. Idan ya fara kumfa ko tsami, a zubar. Fura da nono abinci ne mai riƙe ciki, matuƙar an tafasa madarar kafin a mayar da ita nono, an kuma dama da ruwa mai tsabta. Gudawa ga mai azumi cikin zafi babban haɗari ce, domin tana ƙwace ɗan ruwan da ya rage a jiki.

Buɗa-baki da sahur

A fara da dabino da ruwa, sai kankana ko gurji, waɗanda sama da kashi 90 cikin 100 nasu ruwa ne. Kunun gyaɗa ko na tsamiya da ɗan ƙosai sun wadatar kafin sallah, abinci mai nauyi ya biyo baya.

A sahur, abincin da ke daɗewa a ciki ya fi: tuwon dawa ko gero da miyar kuka ko kuɓewa, wake, alale, ƙwai. A rage soye-soye, yaji da gishiri, har da sinadarin ɗanɗano, domin suna tayar da ƙishirwa. WHO ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokali ɗaya.

Alamomin haɗari

Zafi ba abin wasa ba ne. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, ana cikin Ramadan, zafi ya kai maki 48.5 a birnin Kayes na Mali, kuma asibitin Gabriel Toure da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwanaki huɗun farko na watan.

Fitsari kaɗan mai duhu, jiri da bugun zuciya da sauri alamun ƙarancin ruwa ne. Ruɗewa, suma, ko jiki ya yi zafi rau, alamu ne na gaggawa: a kai mutum inuwa, a jiƙa jikinsa, a garzaya asibiti. Idan yana cikin hayyacinsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙananan cokula shida na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Ƙa'idojin likitoci kan ciwon sukari da Ramadan sun ce mai ciwon ya karya azumi idan awon sukarinsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Masu ciwon ƙoda ko hawan jini, da masu juna biyu, da masu shayarwa, da tsofaffi, su tuntuɓi likita tun kafin su fara kowane irin azumi. Shari'ar Musulunci ta yi wa mara lafiya rangwamen ya sha ya rama daga baya.